Injin ya mutu, masu aikin sun tafi

Gwaggo, mu samari ne a Showak. Wata ƙungiya ta ba mu horo da injin ban-ruwa, muka yi lambun albasa da kuɓewa a bakin kogin Atbara. Da wa'adinsu ya cika suka tafi. Injin ya lalace, mai filin ya ce ɗansa zai noma, raƙuma suka cinye ragowar. Ga wata ƙungiyar ta zo tana rubuta sunaye. Baba ya ce ɓata lokaci ne, gara in tafi yankan riɗi. Yaya zan yi?

Ɗanki, daga Showak

Ɗana, sannu da haƙuri. Wanda ya yi ta jan tiyo cikin rana, ya wayi gari ya ga sawun raƙuma a kan albasarsa, dole zuciyarsa ta yi sanyi.

Ka ba da sunanka. Amma ka duba mutanen da lamarin ya shafa: mai fili, makiyayi, da makanikin da ba ku samu ba. Da wanne aka zauna kafin a sauke injin? Ku kaɗai aka tara a aji, alhali da ɗan gari akan ci gari.

Fili shi ne kan gaba. Mai ƙasar bakin kogi ba ya sakinta da sauƙi, kuma da ya ga ta yi kore zai tuna yana da ɗa. Ku kai shi gaban umda, wato shugabanku na gargajiya, da shaidu, a rubuta shekara nawa, kaso nawa zai riƙa samu. In yana da rabo a kowane buhu, shi zai fi ku tsaron lambun. A zaman nan a kira dattawan makiyaya, Lahawiyin da sauransu. Raƙumansu sun riga lambunku sanin hanyar ruwa. A bar musu mashaya, ku sayar musu da ganye da ciyawa bayan girbi.

Sai injin. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, mai da kayan gyara suka yi tsada. Ku tafi da makaniki ya duba samfurin da za a ba ku, ya faɗa ko ana samun kayansa a Gadarif. Ku kuma tambayi manoman da suka daɗe a wurin yadda ruwa ke hawa da sauka tun da aka buɗe madatsun Rumela da Burdana a 2017, kada ku girke inji inda ba ya kaiwa.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan tafiyarsu. In babu asusun gyara, ɗan kasuwa za ku nufa ya ba ku bashin shail, ya kwashe amfanin da araha tun bai nuna ba. Albasar Kassala kuma tana bin titinku kullum, don haka ku san mai sayenku tun kafin shuka. Ƙungiyar da ta ƙi zama da mai fili da makiyaya, ka janye sunanka.

Baba kuwa bai yi kuskure ba. Ka je yankan riɗin a Oktoba, lambu na jiran sanyi. Ka ware wani abu daga ladan ka fara zuba shi a asusun, sannan ka roƙi Baba ya zama shaidarku a gaban umda.