Yadda Ake Gano Dalilin Kukan Fambel a Tsohuwar Mota

Duk direban da ke jigilar fasinja ko kaya tsakanin Dandin Mahe, Bodinga, Shagari da birnin Sakkwato ya san ƙarar nan mai tsinin gaske da ke fitowa daga gaban inji, musamman in an tayar da mota da sassafe. Kukan fambel ke nan, bel ɗin da ke juya altanato domin batir ya samu caji. A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, bel ɗin nan shi ne kuma ke juya famfon ruwan inji. In ya tsinke, caji ya tsaya, inji kuma ya ɗau zafi cikin 'yan mintoci.

Zafin bazara da kan wuce digiri 40 a ƙasar Sakkwato yana busar da roba, ƙurar hunturu kuma tana cin ta. Amma ba kowane kuka ne ɗauri ke maganinsa ba. A fara gano dalili kafin a ɗauki sifana.

1. Saurari irin kukan

Dogon kuka da ke tashi lokacin tayar da inji, ko in ka kunna fitilun gaba, ko ka taka totur da ƙarfi, alama ce bel yana sulɓi. A lokacin ne altanato ke yin nauyi, bel mai sako-sako kuwa ba ya iya jan sa. Gajeren kuka mai maimaituwa, "cit-cit-cit", yawanci yana nuna fulolin da bel ke hawa ba su kan layi ɗaya. Gurnani ko ƙarar gogar ƙarfe kuma aikin boris ne.

2. Kashe inji ka duba bel

Zare makulli, ka bar inji ya huce. Juya cikin bel ɗin da yatsa ka duba: tsagewa, zare da ya fito a gefe, ko ƙyalli da santsi, duk suna nufin ya gama aiki. In bel mai siffar V ne, leƙa cikin kwarin fuli. Gefe da gefe ya kamata bel ya kama. In ka ga ƙasan kwarin yana sheƙi, bel ya nutse har ƙasa, ko shi ya cinye ko fulin, kuma ko an ɗaure ba zai kama ba. Duba kuma ko baƙin mai ko ruwan lagireto yana ɗiga a kansa. In haka ne, sai an toshe yoyon, in ba haka ba sabon bel ma zai lalace.

3. Gwada ɗaurinsa

Sa babban yatsa a tsakiyar wurin da bel ya fi tsawo tsakanin fuli biyu, ka danna da ƙarfi. Ya kamata ya lotsa kamar santimita 1. In ya wuce haka sosai, ya yi sako-sako.

4. Gwajin ruwa

Kafin ka tayar da inji, naɗe hannun riga, ka cire rawani ko carbi, duk abin da ke lilo ka kawar da shi. Bar inji a silo, ka tsaya nesa da fanka, ka fesa ruwa kaɗan a cikin bel. In kukan ya ƙaru, ɗauri ne ya yi kaɗan. In ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, duba layin fuloli. In ruwan bai canza komai ba, zargi boris.

5. Ɗaure shi daidai

Kashe inji, ka cire wayar batir mai alamar ragi. Sassauta notin da altanato ke juyawa a kansa daga ƙasa, da na sama mai zamewa a jikin ƙarfen ɗauri. Sa guntun katako ka tura altanato waje a hankali, kada ka danna ta wajen wayoyinsa. Ƙulle notin sama, ka sake gwaji da yatsa, sannan ka ƙulle na ƙasa. Kada ka ja shi ya yi tauri kamar tsirkiyar baka: ɗaurin da ya wuce kima yana kashe boris ɗin altanato da na famfon ruwa, waɗanda gyaransu ya fi kuɗin bel nesa ba kusa ba. Motar da ke da bel mai faɗi da tanshina mai sifirin ba a ɗaure bel ɗinta da hannu. In ya yi sako-sako, bel ko tanshinar ake canzawa.

6. In kuka bai daina ba, cire bel

Zana yadda ya bi fuloli kafin ka cire. Juya kowane fuli da hannu. Mai lafiya yana juyawa sumul ba ƙara. Wanda ke ƙarau-ƙarau ko yake girgiza in ka motsa shi, boris ɗinsa ya tafi. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fuloli biyu ka ga ko sun daidaita. Sau da yawa noti ne ya kwance a mazaunin altanato, ya sa ya karkace.

7. Sayen sabo

Tafi da tsohon bel wurin mai kayan gyara, ka karanta lambar da ke bayansa. Misali, 10x950 na nufin faɗin milimita 10 da tsawon milimita 950. Sabon bel yakan ɗan saki bayan an fara aiki da shi, saboda haka ka sake duba ɗaurinsa bayan 'yan kwanaki. Ka sa mai rewaya ya auna batir inji na aiki: caji mai kyau yana tsakanin bolt 13.5 da 14.5.

Kada ka yarda a shafa wa bel sabulu, giris ko man birki. Kukan zai lafa na ɗan lokaci, amma mai yana cin roba, sulɓin kuma yana ƙaruwa.

In fitilar batir ta kama kana cikin tafiya, allurar zafi kuma ta fara hawa, ka sauka gefen titi ka kashe inji nan take. Direba, ajiye bel na safaya da sifanar da ta dace da notin altanatonka a cikin but, domin kuɗinsu bai kai na janyo mota daga hanya zuwa garejin Sakkwato ba.