Darasi na 12: Tazarar Gombe da Sakkwato ta Jirgin Sama

Karanta wannan labari, sannan ka amsa tambayoyin da ke biye da shi.

Ɗauki taswirar Nijeriya, ka ɗora zare a kan Gombe, ka ja shi sak zuwa Sakkwato. Tsawon zaren nan shi ne tazarar sama, wato nisan da ke tsakanin wurare biyu idan ba a bi kwana ko lanƙwasa ba. Daga filin jirgin sama na Lawanti, da ke kan hanyar Bauci, zuwa filin jirgin sama na Sultan Abubakar III a Sakkwato, tazarar ta kai kimanin kilomita 685. Jirgin da ke gudun kilomita 800 a awa zai cinye ta cikin kusan awa ɗaya.

To, sai dai ba zare ne ke ɗaukar fasinja ba. A ce wani ɗan kasuwa daga unguwar Manawashi ya sami labarin rasuwar ƙanin mahaifinsa a Sakkwato, yana son ya isa kafin a tashi daga zaman makoki. Galibi ba zai sami jirgin da zai kai shi kai tsaye ba. Dole ya fara sauka a Abuja, tafiyar kimanin kilomita 425, sannan ya hau wani jirgin ya ƙara kimanin kilomita 490. Jimillarsu ta haura kilomita 900, kuɗin tikiti ya ninka, ga kuma zaman jira a Abuja, wanda wani lokaci ya fi tafiyar kanta daɗewa. In jirgin Sakkwato ya riga ya tashi, sai kwana.

Me ya kawo haka? Kamfanin jirgi ba ya duban gajartar hanya kawai, yawan fasinja yake dubawa. Kujera ɗari da mutum goma a ciki asara ce, domin man da jirgi ke sha ba ya raguwa sosai don kujeru sun zama fanko. Shi ya sa kamfanoni ke tara fasinjojin jihohi a manyan filaye kamar na Abuja da Legas, su rarraba su daga can.

Lura da nahawu: idan ana kwatanta nisa, ana amfani da kalmar “fi”. Misali: Sakkwato ta fi Abuja nisa daga Gombe.

Tambayoyi

1. Mece ce tazarar sama?
2. Kilomita nawa ɗan kasuwar ya ƙara saboda bin Abuja?
3. Me ya sa kamfanoni ba su cika zirga-zirga tsakanin Gombe da Sakkwato kai tsaye ba?
4. Rubuta jimloli uku da “fi”, kana kwatanta nisan garinku da wasu garuruwa.