Ku Zauna Kusa da Shi, Amma Ku Bar Masa Fensirinsa

'Ya'yana, ku da Allah Ya azurta da zuri'a har kuka fara ɗinka wa yara kayan makaranta, ina da 'yar magana da ku a kan jinga, aikin nan da malami ke ba yaro ya je gida ya yi. Ana ɗaukarta ƙaramin abu, amma a gidaje da yawa ita ke kawo tsawa da kuka bayan magariba. A wasu gidajen kuma shiru za ka ji, don uwa ce ta karɓi fensirin tana cike layuka, mai aikin yana gefe yana gyangyaɗi. Na san ƙauna ce ta kawo haka. Babu uwar da ke son a tsayar mata da ɗa a gaban aji gobe da safe. Sai dai wannan taimako yana da cutarwar da ba a ganinta sai an yi nisa.

Malami yana ba da jinga ne don abu biyu. Yana so yaro ya maimaita abin da aka koya masa kafin ya sulale, yana kuma so ya san inda yaron ya tsaya. A makarantun gwamnati na manyan garuruwanmu akwai ajin da yara suka haura ɗari. Malamin da ke gaban irin wannan taro ba shi da damar zama da kowa ɗaya bayan ɗaya. Littafin jinga ne kaɗai ke gaya masa wane ya gane, wane yana baya. Idan uwa ko yaya ya yi aikin, malam zai ga komai daidai, ya ba da maki da jan biro, ya wuce darasi na gaba da zaton an fahimta. Haka yaro zai yi ta hawa aji da giɓi a ƙarƙashinsa, sai ran da ya zauna jarrabawar shiga sakandare a aji shida, inda babu inna babu yaya, sannan asiri ya tonu. Littafin da ke ɗauke da kuskuren yaro na gaskiya ya fi wa malami amfani nesa ba kusa ba.

Bari in nuna muku abin da nake nufi. A ce an ba ɗan aji biyu ko uku lissafin ɗebewa: 52 a cire 27. Ya rubuta 35. Kada ka yi saurin cewa ba ya ja. Dubi yadda ya yi. Ya cire 2 daga 5 ya sami 3, da ya zo ɗaya layin ya ga 7 ba za ta fita daga 2 ba, sai ya juya ya cire ƙaramar daga babbar ya sami 5. Yaron yana tunani, aro ne kawai bai gane ba. In ka ce masa "goge ka rubuta 25", jingar yau ta ƙare, amma gobe zai maimaita kuskuren. Abin yi shi ne ka aike shi ya kakkaryo tsinken tsintsiya. Ku ɗaure goma-goma har ɗauri biyar, ku ajiye guda biyu a gefe. Ka ce, "To, ba ni ashirin da bakwai." Zai miƙo ɗauri biyu, ya dubi tsinke biyun da suka rage, ya yi jim. Ka yi shiru, ka bar shi. Ba za a jima ba zai kai hannu ya kwance ɗauri guda da kansa. Ran nan ya san abin da ake nufi da aro, kuma da wuya ya manta. Sauran tambayoyin sai ka ja da baya ya yi su shi kaɗai, ko da zai faɗi ɗaya ko biyu.

Na san wata za ta ce, "Baba, ni fa ban yi boko ba, me zan duba?" 'Yata, kada ki raina kanki. Tun da aka buɗe shirin ilimin firamare ga kowa a 1976, har aka yi dokar 2004 da ta wajabta karatun shekara tara kyauta, akwai dubban yaran da suka yi zurfi a karatu alhali iyayensu mata ba su taɓa zama a benci ba. Kuma hanyar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Yaro in ya dawo daga makarantar allo, me ake ce masa? "Zo ka biya mini." Uwa tana tankaɗe ko tana tsince shinkafa, shi yana biyawa, in ya yi tuntuɓe ta ce ya koma baya. Haka nan za ki yi da na boko. Ki ce ya buɗe littafin ya karanta miki da ƙarfi. In ya gama ki ce, "To, yanzu gaya mini da Hausa, me aka ce?" A nan ake gane komai. Yara da yawa suna iya rera shafi guda na Turanci babu gargada, amma ba su san ko zancen akuya ake yi ko na jirgi ba. Wanda ya iya mayar miki da labarin da Hausa ya fahimta. Wanda ya yi zuru, kin gano abin da za ki faɗa wa malaminsa.

Kuma kada wani ya tsorata ku da cewa yin bayani da Hausa zai ɓata wa yaro Turanci. Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife sun gwada wannan tun daga 1970. Suka koyar da wasu yara duk darussan firamare na shekara shida da Yarbanci, Turanci kuma aka koya musu shi a matsayin darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. Abin da yaro ya gane da harshen da ya sha a nono, sanya masa sunan Turanci daga baya ba wuya.

In da za ku tambaye ni aikin gida guda da ya fi kowane, zan ce karatu. Bankin Duniya da wasu hukumomi sun ƙiyasta a 2022 cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta a shekara goma. Yaron da bai iya karatu ba, kowace jinga kwafa ce kawai a wurinsa. Saboda haka ko malam bai ba da komai ba, a sami 'yan mintoci a karanta wani abu. Ga mai farawa akwai Ka Koyi Karatu, ga wanda ya ɗan tasa akwai Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ke hannun yara tun ƙarshen shekarun 1930 kuma har yau ba ta gundure su ba. In babu littafi, akwai rubutun jikin kwalin shayi da allon shago da bayan mota. Tatsuniyar kaka ma kada a yar da ita. Yaron da ya saba bin zaren labarin Gizo da Ƙoƙi har ƙarshe ya riga ya fara koyon fahimta.

Sai lokaci. Ku dubi yinin ɗan Bahaushe da idon tausayi. Ya fita boko da sassafe, ya dawo da azahar, la'asar ya nufi Islamiyya, wani ma yana da ta dare, ga hadda, ga aike, ga ɗiban ruwa. In aka bar jinga sai bayan isha'i, ragowar yaro ce ke yinta. Masana lafiya sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Kowane gida ya dubi halinsa ya tsayar da lokaci guda: bayan ya ci abinci ya ɗan huta kafin la'asar, ko tsakanin magariba da isha'i. Ranakun Alhamis da Juma'a da yawancin makarantun allo da Islamiyya ke hutu, sai a yi mai ɗan tsawo. Abin da ake so shi ne yaro ya san lokacin, har ya daina jiran a kira shi.

Kuma ba yawanta ake nema ba. A Amurka akwai ma'aunin da malamai da iyaye suka daɗe suna amfani da shi: minti goma ga ɗan aji ɗaya, a riƙa ƙara goma kowace shekara, har ta kai awa guda a aji shida. Faransa ma tun 1956 ta hana ba 'yan firamare jingar rubutu, ko da yake malamai da dama ba su daina ba. Mu kuwa a nan, wasu makarantun kuɗi suna labta wa ɗan shekara huɗu shafi-shafi, kuma mu iyaye ne muka jawo, don mun mai da nauyin jaka ma'aunin kyawun makaranta. In kun ga yaro ya shafe awa biyu yana fama har da hawaye, ku rufe littafin, ku rubuta wa malam 'yar takarda cewa nan ya iya kaiwa.

Wurin zama ba sai da tebur ba. Tabarma da fitilar caji sun isa, in dai an kashe talabijin, kuma babba ya kife wayarsa na ɗan wannan lokaci. Wayar nan kuma kada a miƙa wa yaro ya nemo amsa a intanet ya kwafe. Wannan da yi masa aikin duk ɗaya ne. Ina kuma roƙonku a kan 'ya'ya mata. Sau da yawa namiji yana kan littafi, ƙanwarsa ko yayarsa tana kan wanke-wanke da goyo, sai ta gama a gajiye sannan a ce ina jingarki. Ku raba aikin gida da adalci, ku ba ta lokacinta cikakke kamar nasa.

A ajiye bulala a wannan zama. Yaron da ke kallon hannunka ba ya kallon littafi. Kalmomi irin su "daƙiƙi" da "dubi ɗan wane" sun fi dorina daɗewa a jiki, kuma akwai manya masu furfura da har yau suke gudun lissafi saboda su. In ya yi ƙoƙari ka ce masa madalla, ka sa masa albarka, ka nuna masa takamaiman abin da ya gyara: "Yau rubutunka ya zauna a kan layi." In ka ji ranka ya fara ɓaci, tashi ka sha ruwa ka dawo.

Ku kuma iyaye maza, biyan kuɗin makaranta da ɗaukar malamin lesin bai sauke muku wannan nauyi ba. Malamin lesin ɗin ma a sa masa ido, don wasu yi wa yaro aikin suke yi su tafi. Ko ka dawo daga kasuwa a gajiye, kafin ka fita majalisa ka ce a kawo maka jakar. Ka buɗe littattafan, ka ga inda jan biro ya yi yawa, ka tambayi yaron abin da aka koya masa yau. In ka ga abin da bai yi maka ba, kada ka zagi malami a gabansa, domin yaro ba ya karɓar karatu daga wanda ubansa ya raina. Ka taka da ƙafarka zuwa makarantar, ka gaisa da malamin ajin, ka ce masa, "Malam, ina ne yaron nan yake da rauni, me kake so mu riƙa yi a gida?" Kada ka bari sai ranar karɓar sakamako ko ranar da aka aiko kiranka. Cikin wannan zangon ka je, tun da sauran lokacin gyara. Allah Ya raya mana su, Ya ba su ilimi mai amfani.