Darasin Wannan Wata: Idan Fijo Ta Fara Baƙin Hayaƙi

A shekarar 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot, wato Fijo, a Kakuri da ke kudu da kogin Kaduna. Fijo 504 ta daɗe tana fitowa daga can, har zuwa 2006. Irin waɗannan tsofaffin motoci sun kai hatsinmu kasuwa, sun kai marasa lafiyarmu asibiti. Yawancinsu da kafireta suke aiki.

Mene ne aikin kafireta?

Ita ce ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. Kilo 1 na fetur yana buƙatar wajen kilo 15 na iska. Kamar damun fura ne. In ruwa ya yi yawa ta tsinke, in ya yi kaɗan ta yi kauri.

Idan fetur ya yi yawa

Salansa za ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi. Mota za ta yi ta shan mai, kuɗinka na tafiya a banza. Kwance fulogi ka duba. Za ka ga bakinsa ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Fara duba iyakilina, domin ƙurar hunturu tana toshe ta. Sannan ka tabbata ba ka bar cok a jaye ba.

Idan iska ta yi yawa

Inji zai yi zafi, ya riƙa tari, ya kasa hawa tudu. Bakin fulogi zai yi fari. Sau da yawa datti ko ruwa a cikin fetur ne ke toshe ƙananan ƙofofin kafireta. Wani lokaci kuma iska ce ke sata ta gindinta. Kada ka yi sakaci, zafin yana iya ƙona bawul.

Idan gaurayen ya yi daidai, bakin fulogi ruwan ƙasa zai zama. Shuɗin hayaƙi kuwa ba laifin kafireta ba ne, baƙin mai ne inji ke ƙonawa.

Gargaɗi

1. Kada ka tsokale ƙofofin da waya. Hura musu iska.
2. Kada ka murɗa notin saiti kafin ka duba fulogi da iyakilina.
3. Kada ka sha sigari kusa da fetur.
4. Kada ka tayar da inji a rufaffen ɗaki, hayaƙin yana kisa.

Abin da ya fi ƙarfinka, kai wa bakanike. Amma ka faɗa masa abin da ka gani. Wannan darasi zai yi maka amfani ga babur da injin ban-ruwa mai fetur.

Tambayoyi

1. Me baƙin hayaƙi yake nufi?
2. Wane launi fulogi mai lafiya yake da shi?

Rubuta amsa, ka nuna wa malaminku.