DARASIN KIWON LAFIYA: CIWON MAƘOGWARO GA MANYA

Jama'a, idan hunturu ya kama, ƙura takan yi yawa. A Kakuri da Makera da Sabon Tasha, har ƙauyukan Chikun da Kajuru, sai ka ji magidanta suna kukan ciwon maƙogwaro. Wasu sukan ce belu ne ya sauko, su nufi gidan wanzami. To, a yi hattara. Ciwon maƙogwaro iri biyu ne, kuma yankan belu ba ya warkar da ko ɗaya.

Iri na farko

Wannan shi ne mai zuwa tare da mura. Akwai tari, da majina, da dishewar murya. Shi ya fi yawa, kuma yakan tafi da kansa cikin mako guda. A huta, a sha ruwa da yawa, a kurkure maƙogwaro da ruwan ɗumi mai gishiri. Kafso ba ya yi masa komai, asarar kuɗi ce kawai.

Iri na biyu

Wannan wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, likitoci suna kiranta sitiref. Ido ba ya ganinta. A cikin manya 10 masu ciwon maƙogwaro, kamar mutum 1 ne ke da ita. Ga alamominta:

1. Ciwon yakan zo farat ɗaya, haɗiye yawu ma da ƙyar.
2. Zazzaɓi mai zafi.
3. Kaluluwa a wuya, ƙarƙashin muƙamuƙi.
4. Cikin maƙogwaro ya yi ja, da ɗigo-ɗigon fari.
5. Yawanci babu tari, babu majina.

Ana ɗaukarta ta tari da atishawa, da shan ruwa a moɗa ɗaya. Takan bayyana bayan kwana 2 zuwa 5.

Ina haɗarin yake?

Babba yakan daure har ciwon ya lafa, amma ya riga ya shafa wa 'ya'yansa. Yara 'yan shekara 5 zuwa 15 su ne ta fi yi wa illa. Idan ba a yi magani ba, bayan mako 2 ko 3 wani yaron sai gaɓoɓinsa su kumbura, da zazzaɓi. Daga nan ciwon yana iya taɓa zuciya, ya lalata ƙofofinta har iyakar rai. Mace mai irin wannan zuciya tana shiga haɗari wajen ciki da haihuwa. Saboda haka ne a shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira ga ƙasashe su tashi tsaye a kan wannan ciwon zuciya.

Me za a yi?

A je asibitin da ya fi kusa. Wanda ke kudancin kogin Kaduna yana iya zuwa Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri. Idan ma'aikacin lafiya ya ga wannan cuta ce, zai ba da fenisilin ko amoksisilin na kwana 10. Wanda fenisilin ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi ya faɗa, a canza masa.

Bayan kwana 2 ko 3 za ka ji sauƙi. Kada ka ajiye sauran maganin, kada ka ba maƙwabci. Saran bishiya ba tuge saiwa ba, tohuwa za ta yi. Ka shanye shi duka.

Idan baki ya ƙi buɗuwa, ko numfashi ya yi wuya, ko wuya ya kumbura sosai, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. Yana iya zama mashaƙo, irin wanda ya ɓulla a Kafanchan a 2023.

Mai ciwo ya ware moɗarsa da cokalinsa. Ya rufe baki in zai yi tari. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Faɗi alamomi 3 na iri na biyu.
2. Kwana nawa ake shan maganin?
3. Me ya sa ciwon uba yake zama haɗari ga ɗansa?