Bishiyar Na'urori: Nahawun da ke Cikin Wayar Hannu

A lokacin hutun da ya wuce na je Adogi, a ƙaramar hukumar Lafiya, na tarar da ƙanena yana kokawa da wata tsohuwar waya. Ya sayo igiyar da ake haɗa filashi da waya don ya kwafo karatun da ya ajiye, amma wayar ta yi shiru kamar ba a soka mata komai ba, alhali ta wannan ƙofa take shan caji lafiya lau. Mai gyara ya ce ita dai haka aka yi ta. Wannan amsa ce ta sa na shiga bincike, kuma abin da na tarar ya fi kusa da darasinmu na ginin jimla fiye da yadda na zata.

Bari mu fara da ƙofar. USB yarjejeniya ce da kamfanoni suka fitar a 1996 don na'urori su riƙa haɗuwa ta hanya ɗaya. Duk abin da aka soka, filashi ne ko madannai, yakan gabatar da kansa: ga lambar kamfanina, ga irin aikina. Wato baƙo ne mai sallama. To amma a cikin ƙwayar lantarkin da ke tafiyar da wayar akwai wani sashe da ke kula da ƙofar, mu kira shi mai gadi. Shi wannan mai gadi ba ya sallama. Idan Linux, manhajar da Android ke zaune a kanta, ta farka, ba ta da hanyar sanin yana nan sai an faɗa mata.

Da can a cikin manhajar ake rubuta wannan bayani, kowane allo da nasa fayil, har abin ya yi yawa. A 2011 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya nuna ɓacin ransa a kan tarin fayilolin ƙwayoyin ARM, irin waɗanda ke cikin kusan kowace wayar hannu. Daga nan aka rungumi wata dabara da ta samo asali daga tsarin Open Firmware, wanda ya zama ƙa'ida a 1994. Dabarar ita ce a rubuta bayanin na'ura a fayil na daban, a miƙa wa manhaja lokacin tashi. Wannan fayil shi muka kira bishiyar na'urori.

Ɗalibin da ya taɓa zana bishiyar li'irabi ba zai sha wuya a nan ba. Yadda jimla ke rabuwa zuwa yankin suna da yankin aikatau, kowane ya sake rassa, haka allo yake a matsayin tushe, ƙwaya ta fito daga gare shi, mai gadin USB ya zama reshe a ƙarƙashinta. A jikin reshen ake jera siffofinsa: adireshinsa a ƙwaƙwalwa, layin da yake bi ya ja hankalin manhaja, da agogon da ke ba shi bugu.

Siffar da ta fi burge ni ita ce wadda ake rubutawa compatible. Ga yadda take a ƙwayar RK3288 ta kamfanin Rockchip na ƙasar Sin:

compatible = "rockchip,rk3288-usb", "rockchip,rk3066-usb", "snps,dwc2";

A lura da jerin. Na farko sunansa na yanka ne, na biyu sunan magabacinsa a gidan, na uku kuwa asalin zuriyar, domin kamfanin Synopsys na Amurka ne ya zana mai gadin, wasu suka saya suka sa a ƙwayoyinsu. Manhaja takan nemi direban da ya san sunan farko. In babu, ta gangara zuwa na gaba. Haka Bahaushe yake yi da baƙon yaro: in bai gane shi ba sai ya ce ɗan wane ne, in bai san uban ba ya tambayi gidan.

Wata siffar kuma ita ce dr_mode, kuma kalma uku kawai take karɓa. Host na nufin na'urar ce mai masauki, ita ke ba filashi wuta da umarni. Peripheral na nufin ita ce baƙuwa, kamar waya a jikin kwamfuta. Otg kuwa ta iya zama kowanne. Wayar da aka rubuta mata ta biyu ba za ta karɓi filashi ba ko da ƙwayarta ta iya. Wannan ɗaya ne daga dalilan da ke jawo irin abin da ya sami ƙanena. Wani lokaci kuma allon ne ba a yi masa hanyar fitar da wuta ba.

To wa ya ce kalma uku ne ba huɗu ba? A nan ne takardar ƙa'ida ta shigo, kuma ita ce ainihin darasinmu. Kafin a karɓi sabon mai gadi cikin Linux, sai an rubuta masa takarda da ke fayyace sunayen da aka yarda da su, siffofin da suke dole, waɗanda suke ganin dama, da misali cikakke. Bishiya ita ce jimla, takardar kuwa ita ce nahawu da ƙamus a haɗe. Masu duba ta suna da sharaɗi mai tsauri: a bayyana na'urar yadda take, ban da abin da direba yake so. Malamanmu ma abin da suke nanatawa ke nan, cewa mai nazari ya siffanta harshe yadda masu shi ke furta shi.

Shekaru da dama ana rubuta waɗannan takardu da zube, kowa da salonsa. Wani ya ce siffa dole ce, misalinsa kuma ya manta da ita. Daga wajen 2018 zuwa 2019, bisa jagorancin Rob Herring, aka fara mayar da su tsarin YAML, wanda mutum zai karanta, kwamfuta ma ta tantance. Yanzu umarni ɗaya ya isa a gwada misalin da ƙa'idarsa, wani umarnin kuma ya bi bishiyoyin alluna ya fito da duk reshen da ya saɓa. Ƙamusun Bargery na 1934 bai sami irin wannan gata ba. Da ido da haƙuri aka tace shi.

Akwai kuma nauyi. Da zarar an karɓi suna, ya shiga na'urorin da aka riga aka sayar, ba a janye shi; ko kuskuren harafi ne sai a ci gaba da tallafa masa, a ƙara daidaitaccen a gefe. Shi ya sa akan mayar da takarda sau da yawa a kan kalma guda. A ganina a nan muke da rauni wajen ƙirƙirar kalmomin fannu. Littafin Hausa Metalanguage da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya daidaita mana kalmomin nazarin harshe da adabi, amma a fannin fasaha har yau wani ya ce yanar gizo, wani ya ce intanet, ba tare da an rubuta iyakar kowace ba.

Ga aikin gwaji. A ɗauki kalmomin da na yi amfani da su a sama, wato mai gadi, ƙwaya, reshe da direba. A rubuta wa kowace ma'anarta, abin da ba ta ƙunsa ba, da jimla ɗaya ta misali. Sannan a kai wa mai gyaran waya a kasuwar Lafiya, a ji ko zai gane abin da ake nufi, da kuma sunan da shi yake kiran abin a rumfarsa.