Na'urar Da Ke Magana, Shin Ta San Da Kanta?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Tun daga watan Nuwamba na shekarar 2022, sa'ad da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT, wata tsohuwar tambaya ta komo bakin jama'a. Ga na'ura ana rubuta mata tambaya tana amsawa, har ta yi li'irabin jimlar Larabci. To, ta san da kanta ke nan, ko kuwa zance ne kurum?

Masu cewa ta sani sukan kafa hujja da gwajin da Alan Turing, masanin lissafi na Ingila, ya kawo a shekarar 1950. Watau mutum ya yi hira da na'ura a rubuce, in ya kasa bambanta ta da ɗan Adam, ta ci gwaji. Amma a 1980 John Searle, malamin falsafa a Amurka, ya yi raddi da misalin mutumin da aka kulle a ɗaki, bai san Sinanci ba, sai littafin ƙa'idoji da ke nuna masa alamar da zai mayar in an miƙo masa wata. Na waje su ɗauka ya iya harshen, alhali ko kalma guda bai fahimta ba. Duk wanda ya taɓa koyar da nahawu ya san irin wannan ɗalibi: ya zuba li'irabi tsaf, a tambaye shi ma'ana ya yi zuru.

Shekaru fiye da 900 kafin Turing, Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya riga ya shiga zancen ta wata ƙofa a cikin littafinsa Ash-Shifa. Ya ce a ƙaddara an halicci mutum nan take, cikakke, yana reto a sarari, idanunsa a rufe, gaɓoɓinsa a ware ba sa taɓa juna, ba ya jin komai. Wannan mutum bai san yana da hannu ko ƙafa ba, amma ba zai yi shakkar cewa yana nan ba. Ashe sanin kai bai jira gani ko ji ba, balle magana. Ita kuwa na'urar akasin haka take. An horar da ita a kan ɗimbin rubuce-rubucen mutane don ta riƙa hasashen kalmar da za ta biyo baya, saboda haka in ta ce "ni", daga bakin mutane ta aro.

Lalle akwai masana da ke ganin sanin kai aikin ƙwaƙwalwa ne kawai, don haka wata rana za a iya ƙera shi. Sai dai har yanzu ba su daidaita a kan ma'aunin gane shi ba. Aya ta 85 ta Suratul Isra'i kuwa ta mayar da al'amarin ruhi ga Ubangiji, ta kuma nuna ƙarancin ilimin da aka ba ɗan Adam.

Inda abin ya shafi mai karatu shi ne fatawa. Malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai daga mai hankali, adali, mai kiyaye abin da ya ji. Na'ura ba ta da niyya, ba a ɗora mata hukunci ba, an kuma sha kama ta tana jingina magana ga littafin da babu ita a ciki. Hadisin da ta kawo, sai an buɗe Buhari ko Muslim an gan shi kafin a karanta wa jama'a a masallaci.

Wallahu a'alamu.